GAYYAR NOMA A ƘASAR DAURA: JIYA DA YAU

Gabatarwa

A zauren kakana, can cikin wani ƙauye da ke arewa da birnin Daura, akwai wata tsohuwar gangar noma rataye jikin azara. Fatarta ta gefe guda ta yage, gizo-gizo ya yi saƙa a cikinta. Tun ina yaro nake ganinta, amma ban taɓa jin muryarta ba. Da na koma gida hutun daminar da ta wuce, sai na tsokani tsohon, na ce, "Kaka, ka ba ni gangan nan in kai gidan tarihi mana, tun da dai ba ta da sauran aiki." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Kai ɗan boko, gangan nan ta ciyar da garin nan tun ba a haifi ubanka ba. Ba ita ta rasa aiki ba, ku ne kuka rasa kunne."

Wannan magana ita ce ta sa ni bin diddigin gayyar noma, ina tambayar dattawa, ina kuma duba abin da masana suka rubuta. Abin da na samo shi ne nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai a cikin wannan mujalla tamu. Galibi idan aka ambaci tarihin Daura, sai hankali ya tafi wajen Bayajidda da Daurama da rijiyar Kusugu da jerin sarakuna. Lalle wannan tarihi ne babba. Amma akwai wani tarihin da ba a cika rubutawa ba, watau na mutanen da suka noma geron da sarakunan nan suka ci.

Ƙasar Daura da nomanta

Masarautar Daura a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina: Daura, da Mai'aduwa, da Sandamu, da Zango, da Baure. Tana iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. Yawancin ƙasar jigawa ce mai rairayi, damina kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba. Saboda haka gero shi ne sarkin amfanin gona, sai dawa da wake da gyaɗa da riɗi.

A cikin labarin Hausa Bakwai an ce da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano suka zama sarakunan baba, Daura da Katsina sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau kuma sarkin bayi. Abin lura a nan shi ne, ba a ware wa kowa noma ba. A ganina dalili shi ne noma na kowa ne. Mai rini da ɗan kasuwa da maƙeri da malami, duk idan ruwa ya sauka gona suke nufa.

To, wanda ya san noman jigawa ya san cewa babban abokin gabar manomi shi ne lokaci. Da zarar an yi ruwan shuka, dole a ɗauki sungumi a gama shuka kafin laima ta tsere. Bayan 'yan makwanni sai ciyawa ta taso, dole a yi noman firi, in ba haka ba ta shaƙe geron. Sannan a yi maimai. Duk waɗannan ayyuka suna zuwa wa kowa a lokaci guda, kuma da hannu ake yinsu. Magidancin da ciwo ya kwantar da shi mako biyu a tsakiyar firi, to, shekararsa ta tafi. Wannan matsi na lokaci shi ne ya haifi gandu da gayya.

Gandu da gayauna

Gandu shi ne tushe. Uba da 'ya'yansa, har da masu aure, ko kuwa wa da ƙannensa, su noma babbar gona tare, su zuba a rumbu guda, su ci daga tukunya guda. Maigida shi ke da alhakin ciyarwa, da biyan haraji, da yi wa samari auren fari. Su kuma 'ya'ya suna da gayauna, watau 'yar gonar da suke nomawa da yamma ko a ranakun da aka ware musu, abin da ta bayar nasu ne. Wata Baturiya mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana wannan tsari filla-filla a littafin da ta fitar a 1972, kuma abin da ta faɗa bai saɓa da abin da dattawanmu suke faɗa ba.

Amma ba kowane gida ne ke da gandu mai ƙarfi ba. Akwai gwauruwa mai marayu, akwai tsohon da 'ya'yansa duk mata ne, akwai wanda kurkunu ya kama a ƙafa. Akwai kuma mai ƙarfin da gonarsa ta fi ƙarfin gidansa. A nan ne gayya take shigowa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda ake gayya

Ga yadda kakana da abokansa suka kwatanta mini. Mai gona zai je wurin sarkin samari, ko sarkin noma, da ɗan goro, ya ce yana neman gayya rana kaza. Shi kuma sai ya sa a yi shela, wani lokaci har a aika ƙauyukan da ke kusa. A daren da za a fita, makaɗi zai ɗan taɓa ganga a dandali domin tuni. Mata kuwa tun jajibiri suna ta surfe da daka, ana shirin fura da tuwo.

Da asuba samari za su hallara, kowa da hauyarsa ko garmarsa. A bakin gona sai a jeru, kowa ya kama kunyarsa. Makaɗa suna biye da su a baya, suna kiran sunan kowane gwarzo da na ubansa da na kakansa. Wanda ya ji an ambaci gidansu sai tsumi ya taso masa, ya yi kirari, ya duƙa. Wanda ya riga kowa fita ƙarshen kunya 'yammata su yi masa guɗa, wanda aka bari a baya ya sha ba'a har kaka. Da hantsi ya dubi ludayi sai a zauna ƙarƙashin gawo ko tsamiya a sha fura. Kafin azahar aikin da zai ci wa gida guda mako biyu ya zama labari.

Ba a biyan kowa lada. Abin da ke kan mai gona shi ne abinci da goro da ɗan abin da zai ba makaɗa. Amma kada mai karatu ya zaci aikin banza ne. Bashi ne wanda ba a rubutawa. Wanda ya ƙi fita gayyar wani, ran da ya kira tasa sai ya ga fili fetal. Akwai kuma gayyar surukai, inda saurayi zai kwaso abokansa su nome gonar uban yarinyar da yake nema. A nan ne iyaye ke gane irin mijin da 'yarsu za ta samu, su kuma gane yana da jama'a ko ba shi da su. Gonar liman da ta malamin allo da ta marar lafiya kuwa, sau da yawa ba sai sun roƙa ba.

Kiɗan noma ba ƙaramin reshe ba ne a cikin adabinmu na baka. Ya ishe mu misali cewa Alhaji Musa Ɗanƙwairo, kafin ya shahara a waƙar sarauta, a gidan kiɗan noma ya tashi.

Sarkin noma

Sarautar noma tana daga cikin tsofaffin sarautun ƙasar Hausa, kuma ta bambanta da sauran domin gumi ne ke kawo ta. Wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a ƙasar Maraɗi, ya rubuta labarin bikin da ake kira dubu. Manomin da ya girbe dami dubu sai ya tara jama'a ya yi gagarumin biki, ya rarraba hatsi da dukiya, daga nan ya cancanci a kira shi sarkin noma. Ko da yake wasu al'adun da ke tattare da bikin sun kau bayan da Musulunci ya game ƙasa, hikimar da ke ciki ba ta kau ba. Babu mai noma dami dubu da hannunsa kaɗai, sai da gayya. Jama'a su ba shi ƙarfinsu da damina, shi kuma ya buɗe musu rumbu idan bazara ta yi tsanani. Girmansa ba a yawan abin da ya tara yake ba, a yawan abin da ya bayar yake. Da wannan, da zakkar dami ɗaya cikin goma, da rancen iri tsakanin maƙwabta, su ne katangar da ta tsare talaka daga yunwa.

Gayyar so da gayyar dole

Tilas ne in faɗi gaskiya, kada in zama maroƙi. Ba kowace gayya ce ta zumunci ba. Masu sarauta, daga dagaci zuwa sama, suna da manyan gandaye. A ƙarni na goma sha tara bayi ne ke noma mafi yawansu. Wannan ƙarni kuwa ya zo wa ƙasar Daura da rabuwa, domin bayan da Malam Isiyaku ya ci birnin a wajen 1805, sarautar Haɓe ta koma Zango da Baure, sai a farkon zuwan Turawa aka maido da ita a hannun Malam Musa. M. G. Smith ya ba da tarihin wannan zamani a littafinsa kan Daura na 1978. Da Turawa suka zartar da cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, sai bauta ta riƙa ja da baya, amma gandayen manya ba su ragu ba. Hannun da zai nome su sai aka neme shi wurin talakawa, a wurare da yawa na Arewa, aka kuma kira abin da sunan gayya.

Bambancin a fili yake. Gayyar so ana rama ta, gayyar dole ba a ramawa. Talaka ya bar gonarsa ciyawa na ci, ya tafi ya nome ta wanda ba zai taɓa duƙawa a tasa ba. Wannan na daga cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi ta yaƙa da su. Na kawo wannan ne domin mu gane cewa wasu dattawan, in an ambaci gayya, ba guɗa suke tunawa ba, takaici suke tunawa. Duk mai son farfaɗo da gayya sai ya san wacce yake nufi.

Abubuwan da suka raunana gayya

Na farko shi ne kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Sarki Abdurrahman ya hau gadon Daura, inda ya yi mulki har 1966. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji kuma ya koma sai da tsabar kuɗi. Saurayi ya gane cewa gyaɗar gayaunarsa za ta iya yi masa aure ba sai ya jira uba ba. Wanda ba shi da gyaɗa kuwa ya gane cewa ƙarfinsa abin sayarwa ne. Nan ƙwadago ya fara ture gayya.

Na biyu shi ne yunwa. Ruwa ya ƙi a 1913, sai ga yunwar Ƙaƙalaba a 1914, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a arewacin ƙasar Hausa. Aka sake yin 'Yar Buhu a 1927. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina, ya nuna a littafinsa na 1983 cewa haraji da noman sayarwa sun raunana tsofaffin hanyoyin taimakon juna, har farin da a da ake iya jurewa ya riƙa zama annoba. Sannan ga farin 1972 zuwa 1974, ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, ga farin 1984. Gayya tana bukatar mai gona ya ciyar da mutum talatin ko arba'in a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ba shi da mudu biyar a gida ina zai iya? Sai abin ya juye, wanda ya fi bukatar gayya shi ne ya kasa kiranta.

Na uku shi ne birni. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 sun ja samari zuwa Kano da Kaduna da Legas. Cin rani ya zama cin shekara. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai yara aji, abin alheri ne, amma bai koya musu darajar abin da suka baro ba. Gwamnatoci sun yi ta kiran a koma gona, daga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 zuwa juyin noma na Shagari a 1980. Sai dai hankalin waɗannan shirye-shirye yana kan takin zamani da tarakta da bashi, ba wanda ya tambayi sarkin noma ko sarkin samari abin da suka sani. Ko soke haraji da jangali da Gwamna Balarabe Musa ya yi a 1979, lokacin Daura tana cikin Jihar Kaduna, ya sauke wa talaka kaya, amma bai maido da samari gida ba.

Na huɗu shi ne sauyin kayan aiki. Garmar shanu ta rage aikin huɗa, maganin feshi ya rage noman firi. Ga kuma gado da ke ta yanyanka gonaki, har gandun da kaka ya noma ya zama 'yan fegi-fegi a hannun jikoki.

Me ya ɓata?

Wani zai ce, to, ai zamani riga ne, in feshi ya kashe ciyawa mene ne na kukan gayya? Amsata ita ce, filin gayya makaranta ce. A nan yaro ke koyon irin geron da ke nuna da wuri da wanda ke jure ƙishi, da bambancin kaura da farfara, da dalilin da ya sa ba a sare gawo a gona. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa su bar taki. A nan ne ake musayar iri. Masana a Samaru ta Zariya da Sadore ta kusa da Yamai suna adana irin hatsinmu a ɗakunan sanyi, har an gina wani babban rumbun iri na duniya a Svalbard ta ƙasar Norway a 2008. Aiki ne mai kyau. Amma irin da ke cikin kwalba bai san wace jigawa ta dace da shi ba, tsohon da ya san haka kuwa ba ya shiga kwalba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ba mu darasi. Tun daga 1983 manoman Maraɗi suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, watau maimakon a tumɓuke duk kututturen da ya tofo a gona, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a gyara su su zama itace. Dabarar ta bazu har Damagaram, daga bakin manomi zuwa kunnen manomi, ta farfaɗo da fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Ba inji ne ya yi wannan ba, sani ne na gargajiya da haɗin kai.

Abin da muka gwada

Da na gama tambaye-tambayena sai na ji kunya ta kama ni. Akwai wata gwaggonmu da mijinta ya rasu, 'ya'yanta ƙanana, ciyawa ta kusa binne geronta. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, kuɗin ƙwadago da na feshi sun fi ƙarfinta. Na tara abokaina, muka je wurin mai gari muka faɗi muka yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, izini muke nema mu kira gayya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gonar wa?" Da ya ji ta marayu ce sai ya sa mana albarka. Daga baya na gane abin da ya sa ya yi tambayar.

Muka yi karo-karo muka sayi gero da nono, don kada nauyin ciyarwa ya hau kanta. Ban ce abin ya tafi sumul ba. Daga cikin waɗanda suka yi alkawari kusan rabi ne suka zo, wasu suka tambaya nawa za a biya, ni kaina kafin hantsi hannuna ya yi kanta ya fashe. Ba mu sami makaɗi ba, domin jikan mai gangar yana Legas yana sana'ar acaɓa. Sai kakana ya dogara sandarsa ya zo bakin gona, ya riƙa kiran sunayen kakanninmu da baki, yana faɗin wanda ya taɓa tsere wa wane a wace gona. Wallahi na ga samarin da ba su taɓa jin kirarin gidansu ba sun duƙa ba su ɗago ba. Kafin la'asar muka gama. Gwaggo ta rasa abin faɗi, sai hawaye.

Kammalawa

Ba na cewa gayya za ta koma yadda take a zamanin Sarki Abdurrahman, ba na kuma fatan gayyar dole ta dawo ko da a mafarki. Amma ina da shawara uku ga 'yan wannan ƙungiya tamu. Ta farko, kowannenmu in ya je hutu ya zauna da tsoho guda, ya ɗauki muryarsa, ya rubuta sunayen iri da na kayan aiki da kirarin manoman garinsu. Ta biyu, ɗaliban kowace gunduma su kira gayya ko da guda ɗaya a kowace damina, a gonar wanda ba shi da ƙarfi, su kuma ɗauki nauyin furar da kansu. Ta uku, mu roƙi iyayenmu sarakuna, kamar yadda jama'a ke cika Daura domin Sallar Gani, a ware wa manoma rana bayan kaka, a baje iri da dammuna, a yi kiɗan noma, a girmama wanda ya fi taimakon jama'a, ba wanda ya fi tarawa kaɗai ba.

Gangar kakana tana nan rataye. Amma kafin in dawo makaranta na bar kuɗin fata a hannun wani dukawa, kaka kuma ya yi alkawarin zai koya wa ƙanena yadda ake riƙe gula. Allah ya kai mu damina mai albarka, ya sa muna da rabon jin muryarta, amin.